Kajin silki a lokacin sanyi: jiƙa da laima su ne abin tsoro

Duk wanda ya fara ganin kazar silki abin da yake fara faɗo masa a rai shi ne ai wannan kam ta fi ƙarfin sanyi, ga gashi nan buzu-buzu tun daga ka har yatsun ƙafa kamar an naɗe ta da auduga, ga tukku ya rufe mata fuska sai ɗan baki kawai kake hangowa. To wallahi wannan tunanin shi ne yake jawo wa masu kiwonta asara idan hunturu ya kankama, musamman a ƙasashen da sanyi ke zuwa da yayyafi da ƙanƙara, domin gashin nan da ake gani kamar bargo shi ne raunin ta, kuma sai mutum ya gane yadda gashin yake sannan sauran bayanin zai zauna masa.

Ka ɗauki gashin kaza na yau da kullum ka duba shi da kyau, za ka ga sanda a tsakiya, sai zare-zare a gefe da gefe sun manne da juna sun zama shafi ɗaya sumul, in ka yage shi da yatsa ka sake shafa shi sai ya koma ya haɗe. Abin da ke haɗe su wasu 'yan mitsi-mitsin ƙugiyoyi ne da ido ba ya gani, suna kama juna kamar zif. Wannan saƙar ita ce ke sa ruwa ya zame ta kan kaza ya wuce, ita ke tare iska, sannan a ƙarƙashinta akwai lallausan gashi mai riƙe ɗumi. Wato kaza riga biyu gare ta, ta ciki mai ɗumi da ta waje mai tare ruwa da iska. Ita silki ƙugiyoyin nan nata ba sa aiki, gado ne haka aka halicce ta, shi ya sa gashinta yake warwatse da laushi kamar siliki har sunan ya bi ta. Kenan rigar ciki kaɗai gare ta. Shi ya sa ma ba ta iya tashi sama, fiffiken ba ya kama iska. In wuri a bushe yake kuma ba iska, gashin nan yana riƙe mata ɗumi daidai gwargwado, amma da yayyafi ya taɓa ta ko iska mai ƙarfi ta buso sai ya kwanta ya manne da fata, ruwan ya shiga har jiki, ɗumin ya tsere.

Kazar fa daɗaɗɗen nau'i ce, daga Asiya ta fito, galibi ana danganta ta da ƙasar Sin, har Marco Polo, wani matafiyi ɗan Turai, a ƙarni na 13 ya ba da labarin wasu kaji masu gashi irin na dabba da ya gani a tafiyarsa, kuma a Amurka tun 1874 aka shigar da ita cikin jerin nau'in kajin da aka amince da su. Fatarta baƙa, ƙashinta baƙi, yatsu biyar maimakon huɗu, kunne shuɗi. Na kawo wannan ne don a san ba wata sabuwar kazar gayu ba ce da ba ta san wahala ba, ɗaruruwan shekaru ta yi tana rayuwa a wurare masu sanyi, har inda dusar ƙanƙara ke sauka ana kiwonta lafiya lau. Sharaɗin dai ɗaya ne, ta kasance a bushe.

Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne a ma'aunin Salshiyas, ya fi na ɗan adam, kuma da abincin da ta ci take hura wannan wutar. Silki ƙarama ce, yawancinsu kilo ɗaya ne ko ƙasa da haka ko sama kaɗan, kuma ƙaramin jiki ya fi saurin zubar da zafi, kamar yadda shayi a ƙaramin kofi yake riga na babban buta hucewa. Ka haɗa ƙaramin jiki da gashin da ba ya tare ruwa, sai ka ga silki da ta jiƙe a sanyin digiri 4 ko 5 ta fi shiga haɗari a kan wadda take a bushe cikin akurki ruwa yana daskarewa a waje. Mutane da yawa ma'aunin zafi suke ta kallo suna jiran ya kai sifili, wato inda ruwa ke daskarewa, kafin hankalinsu ya tashi, alhali ranar da ake yayyafi da iska, ƙasa ta caɓe, ita ce ranar da ya kamata su fi damuwa.

Sannan jiƙar ba daga sama kaɗai take zuwa ba, kuma nan ne na ga an fi yin kuskure, kuskuren ma na tausayi ne. Mutum ya ji sanyi ya tsananta sai ya ɗauko leda da tsumma da kwali ya toshe duk wata kafa ta akurki, ko allura ba za ta shiga ba, ya ce ya yi wa kajinsa gata. To su kajin nan numfashi suke duk dare, kowane numfashi da tururi yake fita, ga kashi kuma da suke yi a inda suka kwana wanda kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne. Tururin nan ina zai je? Sai ya taru, ya hau rufi ya zama raɓa, ya ɗigo, ya sauka kan tukku da zanko da yatsu, can tsakar dare da sanyi ya ƙara sauka sai laimar ta daskare a jikinsu. Cizon sanyi, wato daskarewar nama har ya mutu, da ake gani a zanko da yatsun kaji yawanci haka yake samuwa, a cikin akurkin da aka toshe. Ga kuma amoniya, wannan warin mai yaji da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashi, masu kiwo suna ɗaukar kashi 25 cikin miliyan na iskar akurki a matsayin iyakar da bai kamata a wuce ba, domin yana ƙona hanyar numfashi da ido ya buɗe wa cututtukan mura ƙofa. Kai da kake tsaye ba lallai ka ji shi sosai ba, durƙusa ka kai hancinka daidai inda kan kazar yake, in ya yi maka yaji to su sun daɗe suna shan wahala, balle silki da a ƙasa take kwana.

Abin da ake so shi ne iska ta riƙa fita ta sama amma kar ta riƙa bugun jikinsu. A bar kafofi can kusa da rufi, sama da kawunansu sosai, a rufe da ragar waya saboda ɓera da sauran masu ɓarna, iska mai ɗumi da laima dama sama take tashi sai ta fice ta nan. Ƙasa kuma, daidai inda suke kwanciya, a toshe duk tsagar da iska ke shigowa musamman ɓangaren da iskar ta fi bugowa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, da sassafe kafin a buɗe musu in leƙa in shafa rufi da bango ta ciki, in na ji laima ko na ga taga ta yi gumi to kafar ba ta isa ba, a ƙara buɗewa ko da kuwa zuciya tana cewa ana sanyi.

Shimfiɗa kuwa a yi ta da kauri, dusar katako mai manyan ɓarɓashi ko busasshen karan alkama, kamar santimita 10 zuwa 15 ko fiye, a riƙa juyawa ana kwashe inda ya jiƙe ana ƙara sabo. Ciyawar da ta yi fumfuna kar ta shiga akurki ko kusa, ƙurar fumfunar tana shiga huhu ta haifar da ciwon da maganinsa ke da wuya. Wasu suna barin shimfiɗar ta yi ta taruwa duk tsawon hunturu suna zuba sabuwa a kai, ta ƙasan tana ruɓewa a hankali tana ba da ɗan ɗumi, dabarar tana aiki amma sai da kulawa da isasshiyar iska, kuma ni a ganina ga kazar da ke kwana a kan shimfiɗar kai tsaye, in ba ka tabbata saman a bushe yake kullum ba gara ka riƙa kwashewa kawai.

Maganar kwana a ƙasa, tunda ba sa tashi, silki da yawa ba sa hawa sandar kwana, sai su taru a lungu su cure wuri ɗaya su ɗumama juna, kuma wannan curewar tana taimakonsu ƙwarai, shi ya sa silki guda ɗaya tilo a sanyi abin tausayi ce. In za a sa musu sanda a sa ta ƙasa-ƙasa, kamar santimita 30 daga ƙasa, katako mai faɗi da za su kwanta ciki ya rufe yatsu gaba ɗaya, ban da ƙarfe ko roba. In kuma a haɗe suke da manyan kaji a duba da daddare kar a ce a ƙarƙashin sandar manyan suke kwana kashi yana zubo musu.

Yanzu ruwan sha, wanda shi ne ƙaramin abu mai babbar ɓarna. Silki in ta sunkuya sha a buɗaɗɗen kwano, tukkun da gemun duk sai sun tsoma, ta ɗago ruwa yana ɗiga, in ana tsananin sanyi kafin wani lokaci gashin ya zama tsinkayen ƙanƙara a fuskarta, ba ta gani, ba ta samun abinci, kanta kuma yana ta shan sanyi. Mazubi mai siririn baki ya fi, ko irin mai ɗan kan ƙarfe da kaza ke tsattsaga ruwa ya ɗigo, sai dai shi kuma yana saurin daskarewa sai an riƙa dubawa. Wanda ba gasar kyau yake kai kajinsa ba ya sa almakashi ya rage gashin da ke kewaye da ido da baki a hankali, ba ya yi mata ciwo in dai ba a taɓa sabon gashi mai jini ba. Kuma a kula da kan, wasu silkin ƙoƙon kansu yana da tudu mai rauni a ƙarƙashin tukkun. Ruwan a ajiye shi a waje inda suke wuni, kar ya kwana a akurki yana zuba yana ƙara laima, dama kaza ba ta sha cikin duhu. Da safe a kawo mai ɗan ɗumi, in ya daskare da rana a sake. Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da take ci, kuma in ba ruwa cin ma sai ta rage, in ta rage ci wutar jikin ta ragu, ka ga ruwan da ya daskare ya koma matsalar ɗumi kenan.

Ƙafafu ma haka. Gashin ƙafa yana kwasar taɓo da kashi da dusar ƙanƙara, su dunƙule su daskare a yatsu kamar an ɗaura mata tsakuwa, kuma da yake fatar baƙa ce ba ka saurin gane yatsa ya fara mutuwa, a farar ƙafa da wuri za ka ga launi ya canja, a nan kuwa sai dai ka ga tana ɗingishi ko tana ɗage ƙafa ɗaya ko wurin ya kumbura. Don haka filin da suke wuni yana buƙatar rufi, ko na kwano ko tamfol, a kewaye ɓangaren iska da leda mai haske a bar sama a buɗe, a zuba busasshiyar shimfiɗa a ƙasa. Rufin nan yana da wani amfanin, yana raba su da kashin tsuntsayen daji da ke yaɗa murar tsuntsaye. Kar a kulle su a akurki duk hunturu, suna buƙatar haske da motsi, ranar da gari ya bushe rana ta fito a bar su su sha hantsi.

Sai babbar gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu kiwo, a sa musu hita ko kar a sa. Ni dai ra'ayina, babbar silki mai lafiya a busasshen akurki da 'yan uwanta ba ta buƙatar wuta a sanyin da ya tsaya kusa da daskarewar ruwa ko ƙasa da haka kaɗan, jikinta yana sabawa a hankali yadda sanyin ke ƙaruwa, tana ƙara ci tana buɗa gashi. Jan ƙwan fitilar nan mai zafi da ake ratayawa, yawanci mai wat 250, shi nake tsoro tsakani da Allah, domin akurki cike yake da ƙura da busasshiyar shimfiɗa da gashi, kaza ɗaya ta firgita ta buge shi ya faɗo shi kenan, garin neman gira an rasa ido, gobarar akurki ta sha cinye kaji har ta tsallaka gida. Akwai kuma ƙwayayen fitila da ake shafa musu Teflon, wani sinadari irin na roba, don kar su tarwatse, in sun yi zafi hayaƙin da suke fitarwa yana kashe tsuntsaye. Na biyu, kazar da ta saba kwana a ɗumi jikinta bai shirya ba, daren da wuta ta ɗauke zafin ya faɗi lokaci guda, abin ya fi yi mata illa a kan wadda tun farko ba a sa mata ba. Amma ba na cikin masu cewa ko ta halin ƙaƙa kar a sa. Inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili sosai ya kwana ya wuni a haka, ko akwai tsohuwa, ko mara lafiya, ko wadda ba ta gama mayar da gashi ba, faifan ɗumi irin wanda ake kafewa a bango ya fi aminci, ba ya zafafa ɗakin gaba ɗaya, wadda ta ji sanyi ta matsa kusa wadda ba ta so ta ja baya. Manufar a rage kaifin sanyin ne kawai. 'Yan tsaki kuwa lissafinsu daban, makon farko wajen digiri 35 suke so ana ragewa kamar digiri 3 duk mako, su kam ba a gwada musu juriya.

Rigar saƙa da ake sa wa kaji don hoto, don Allah a bari. Kaza da buɗa gashi take tara iska mai ɗumi a jikinta, rigar tana danne gashin, tana riƙe laima, tana hana ta gyara jikinta, farce ma yana iya maƙalewa. A nan kam a bar kaza cikin gashinta.

Abinci ba wani sirri a ciki, cikakken abincin kaji mai furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen kashi 16 cikin 100 shi ne tushe, kuma a bar shi a gabansu duk wuni domin za su ci fiye da yadda suka saba. Da yamma kafin su shiga a watsa musu ɗan hatsi, masara ko alkama, su kwana da abin niƙa a ciki, tare da 'yan tsakuwa saboda ƙundu da su yake niƙa. Amma hatsin kar ya wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da suke ci, in ya yi yawa ƙiba ce kawai babu gina jiki. Wadda ta zubar da gashi gab da shigowar sanyi a ƙara mata furotin, gashi kusan dukkansa furotin ne. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, to a kan silki ido bai san komai ba, za ta rame ta zama ƙashi da fata kana ganinta dumu-dumu, sai ka ɗauke ta a hannu duk mako ka shafa ƙashin ƙirji, in ka ji shi tsini kamar bakin wuƙa ba nama a gefe to akwai matsala. A wannan ɗaukar ce kuma za ka buɗa gashin gindin wutsiya da ƙarƙashin fiffike da cikin tukku ka nemi ƙwarƙwata da ƙuma, akwai irin da ya fi yaɗuwa a lokacin sanyi yana shan jini, ga wani da ke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa gashi ya ɓoye shi. In ƙasa ta jiƙe ko ta daskare ba su da wurin birgima, sai a cika musu faffaɗan baho da busasshiyar ƙasa da ɗan tokar itace a ajiye ƙarƙashin rufi.

Ƙwai zai ragu, kuma gajartar rana ce ta fi jawo haka, kaza tana son haske kamar awa 14 kafin ta yi ƙwai sosai, silki kuwa dama ba gwanar ƙwai ba ce, 100 zuwa 120 a shekara ne. Ni ban ga dalilin kunna mata fitila a tilasta ta ba, ta huta. Wanda aka samu a kwashe da wuri kafin ya daskare ya tsage. Abin da ya fi damuna shi ne kwanci, silki uwar son kwanci ce ba ruwanta da lokaci, tsakiyar sanyi za ta zauna ko babu ƙwai a ƙarƙashinta, sau ɗaya a rana take tashi ta ɗan ci, ta fige gashin cikinta, kwana 21 ko fiye tana ramewa a lokacin da ta fi buƙatar ƙarfi. In ba ƙyanƙyasa kake so ba ka riƙa ɗauke ta kana kai ta gaban abinci, ka rufe wurin da take zama, amma dabarar tsoma ta a ruwan sanyi da wasu ke yi don ta bar kwanci, a hunturu kisa ce.

In kuma duk da haka ka tarar da ɗaya ta jiƙe sharkaf ta takure, ido a lumshe, ba ta gudunka, kar ka jira gobe. Shigo da ita ɗaki, naɗe ta da tawul ka tsane ruwan, ka busar da ita da na'urar busar da gashi a mafi ƙarancin zafi, hannunka yana tsakani don ka ji abin da take ji, har sai gashin da ke kusa da fata ya bushe, domin sama yana iya bushewa ciki da laima. Sai ta farfaɗo ta iya riƙe kanta sannan a ba ta ruwa mai ɗumi da abinci, ɗura wa kazar da ta galabaita ruwa yana iya shaƙe ta. Yatsa ko zankon da sanyi ya ciza kar a murza shi, kar a kanga shi a wuta, ruwa mai ɗumi-ɗumi ake tsoma ƙafar a ciki a hankali, in ƙuraje sun taso kar a fasa, in wurin ya bushe ya mutu kar a yanke, yana kare naman da ke ƙasa har ya faɗi da kansa, kuma kar a mayar da ita inda zai sake daskarewa don na biyun ya fi na farko ɓarna. Man basilin da ake shafawa a zanko masu kiwo sun rabu a kansa, ni ban dogara da shi ba, silki ma zankonta ɗan dunƙule ne a kwance, yatsu da jiƙaƙƙen tukku ne suka fi shiga haɗari. In wurin ya fara wari ko ruwa, ko kumburin yana hawa ƙafa, ko ka ji tana minshari da atishawa ido ya kumbura, ware ta daga sauran ka nemi likitan dabbobi a ranar.